Rana, bitamin D da dajin furostet

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani taron dattawa a Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena.

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce goro ba, likitoci na ce mata furostet. Dajin da ke kama ta yana da abincinsa, wato sinadarin mazakuta, testosteron. A 1941 Charles Huggins, wani likita a Shikago, ya nuna cewa in aka toshe wannan sinadari, dajin yakan lafa. Duk wanda ya taɓa fiɗiye bunsuru ya ga irin aikin. Yau allura ake yi, duk wata ko duk wata 3.

To, ina bitamin D ya shigo? Fata ce ke haɗa shi in rana ta taɓa ta, hanta ta gyara, ƙoda ta ƙarasa, sai ya koma sinadari mai ba gaɓoɓi umarni, kamar dai testosteron ɗin. A ɗakin gwaji an ga yana rage wa ƙwayoyin dajin saurin yaɗuwa. Masana suka sa rai ƙwarai.

Amma kwalbar gwaji daban, jikin ɗan Adam daban. A 2007 an dakatar da wani babban gwaji, domin an fi samun mace-mace cikin waɗanda aka ɗura wa mai ƙarfinsa. Binciken VITAL na Amurka, wanda ya fito a 2018, ya bi mutum sama da 25,000, bai ga bitamin D ya hana kamuwa da daji ba.

Wannan na faɗe shi da ciwo a raina. Wani dattijo ya zo mini da robar fitsari a ƙarƙashin babbar riga, ya ciro kwalbar bitamin daga aljihu, ya ce, "Likita, ɗana ne ya aiko mini." Ya jima da barin allurarsa, dajin har ya kai ƙashin baya.

Ba cewa nake bitamin D ba shi da amfani ba. Allurar nan tana cin ƙashi a hankali, shi ya sa muke haɗa wa mutum da bitamin D da kalsiyam. Sai dai da awo, don in ya yi yawa yakan jawo tsakuwar ƙoda.

Baba, in fitsari ya fara yi maka gardama, ko kana tashi sau 4 cikin dare, ka je a duba jini, gwajin PSA. Sau da yawa kumburin tsufa ne kawai.

Alhaji, na ga ka ɗaga hannu. Bismillah, ranka ya daɗe.