Darasin adabi: Emily Dickinson da masu gyara mata waƙa

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau kan Emily Dickinson ne, marubuciyar waƙoƙi 'yar Amurka.

An haife ta a 1830 a garin Amherst na jihar Massachusetts. Mahaifinta lauya ne, har ya taɓa zama ɗan majalisar tarayya. Ta yi shekara guda a makarantar mata ta Mount Holyoke ta dawo gida. Ba ta taɓa aure ba, kuma da shekaru suka ja, sau da yawa ko baƙo ya zo ta bayan ƙofa take masa magana.

To, ku kasa kunne a nan. Waƙoƙi kusan 1,800 ta rubuta, amma kamar goma kawai aka buga tana raye, su ma babu sunanta. Sai ta kwafe waƙa tsaf a takarda, ta haɗa 'yan takardu, ta huda da allura ta ɗinke da zare. Irin waɗannan ƙananan littattafai har 40 ta yi. Wasu baitocin kuma a bayan tsohuwar ambulan ta rubuta su. Bayan ta rasu a 1886 ne ƙanwarta Lavinia ta ci karo da tarin.

A 1890 wasu marubuta biyu, Mabel Loomis Todd da Thomas Higginson, suka fitar da kashi na farko na waƙoƙin, amma sai da suka sa hannu. Ita Emily ba ta cika sa wa waƙa suna ba, suka laƙaba. Amsa-amonta da gangan take barinsa bai cika daidai ba, suka daidaita wasu. Sannan ga 'yar sandar nan da take ja tsakanin kalmomi, inda mai karatu zai ɗan ja numfashi, suka share akasari suka sa waƙafi da aya. Ni dai a ganina gyaran gangar auzinawa suka yi, domin a wannan ɗan tsaikon ne take barin ka da tunanin mutuwa ko shakku, ba ta ƙarasa maka ba.

Sai a 1955 wani masanin adabi, Thomas Johnson, ya koma kan rubutun hannunta ya buga waƙoƙin kusan yadda ta bari. Saboda haka in kun nemo waƙarta a intanet, ku duba: in kun ga suna a sama kuma babu sandunan, mai yiwuwa gyararriya ce. Ku nemi wadda ba a gyara ba, ku karanta da ƙarfi, kuna dakatawa a kowace sanda. Mako mai zuwa za mu ɗauki guda mu bi ta baiti-baiti.