Jawabin Maraba ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Ilimi na Majalisar Dokokin Jihar Bauchi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Shugaban Kwamitin Ilimi da 'yan tawagarsa, mai girma Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, limamai, Sakataren Ilimi, malamanmu, iyaye maza da mata, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin kwamitocin kula da makarantun firamare na wannan gunduma, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Kishinka ga ilimi sanannen abu ne, ba sai mun ɓata maka lokaci da yabo ba. Tun da ka bar ofis ka tako har cikin ƙurar filin nan, ka riga ka yi mana rabin alheri. Sauran rabin shi ne roƙonmu, kuma da shi za mu fara. Muna so majalisa ta sa doka cewa ba za a biya ɗan kwangilar makaranta kuɗinsa na ƙarshe ba sai shugaban kwamitin makarantar da hedimasta sun duba aikin sun sa hannu.

Bin diddigin dukiyar jama'a gadonmu ne a ƙasar Yakubun Bauchi. A Midil ta Bauchi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe alli kafin ya riƙe Nijeriya, kuma shi ne a 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, lokacin da faɗin haka sai mai ƙarfin hali. A garin Bauchi Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka koya wa matasa yin tambaya. Malaman makaranta ne suka ɗaga sunan Bauchi. Abin takaici ne a ce jikokinsu na karatu a kan buhu, ƙarƙashin rufin da ake hango sama ta cikinsa, alhali a takarda an gyara ajin, an kuma biya.

Mun san kuɗi na zuwa, mun san hanyarsa. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa. Jiha ba ta taɓa kasonta sai ta ajiye daidai da shi, ta kai tsarin ayyukan da za ta yi, sannan SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, ta ba da kwangila. Daga sama kam akwai takardu da matakai. A ƙasa ne igiyar ke tsinkewa, domin makarantar da aka yi kasafin dominta ita ce ta ƙarshe da ke jin labari. Sau da yawa hedimasta bai san an ba da aiki ba sai ya ga tifa ta sauke yashi. Bai ga takardar ƙididdigar kaya ba, bai san nawa aka ware ba, bai san ranar kammalawa ba. To da me zai auna?

Ga yadda ɓarnar take. Ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami, sai ya sayar da aikin ga wani, wannan ma ya cire ribarsa ya miƙa wa na uku. Wanda aikin ya ƙare a hannunsa ba shi da inda zai ci sai jikin ginin. Buhun siminti da magina ke buga bulo talatin ko talatin da biyar da shi, sai a ja shi ya haura hamsin. Ka murza bulon da yatsa ya zube. A sa kwano mara kauri, a bar katako ba maganin gara, a ƙi ɗaure rufi da ƙarfe a jikin bango. Iskar farkon damina kaɗai ta ishe shi. Daɓen ƙasa kuwa shafe ne kawai, zango ɗaya ya zama rami. A bisa al'ada ana riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin aiki har wata shida don a ga ko aibi zai fito, amma idan ba a tambayi masu zama cikin ajin ba, wa zai ce ya fito? Shi ya sa muke maimaitawa, ranka ya daɗe: a jira sa hannunmu kafin a biya.

Kujeru ma haka. Idan ba a rubuta sunan makaranta da lamba a jikin kowane benci ba, ana iya ƙirga benci ɗaya a makarantu uku. Fenti da buroshi sun isa su toshe wannan ƙofa.

Sai albashi. Takardar biyan albashi tana ofis, rajistar sa hannun malamai tana makaranta, ba a cika haɗa su a teburi ɗaya ba. Ta wannan tazara malaman bogi ke shiga, da wanda ya rasu, da wanda ya koma wani aiki sunansa bai fita ba, yayin da malama ɗaya ke fama da aji biyu. Muna roƙon kowane wata a liƙa sunayen waɗanda ake biya da sunan makaranta a ƙofar ofishin hedimasta. Iyaye sun san wanda ke zuwa. Wannan ya ƙara zama dole tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, tunda daga kason nan ake cire albashin malaman firamare.

Mu ma ba mu ce a ƙyale mu ba. Duk tallafin da ya shigo asusun kwamiti, a tilasta mana sa hannun mutum biyu kafin a cire ko sisi, da littafin shiga da fita, da rasit na kowane ƙusa, da karanta takardar banki a gaban iyaye ƙarshen kowane zango. Mai binciken kuɗi ya zo mana ba sanarwa, muna maraba. Sai dai a koya wa ma'ajinmu riƙe littafi, domin yawancinsu manoma ne da 'yan kasuwa masu amana waɗanda ba su taɓa cike irin wannan takarda ba.

Akwai buƙatar rijiyar burtsatse da banɗakin 'yan mata da katanga. Mun rubuta su a takarda daban. Amma ko su, in an ba da aikinsu, muna so su bi ta ƙofar da muka roƙa.

Kafin ka tashi, muna roƙon ka leƙa ajin da ke bayan wannan rumfa, ka taɓa bangon da hannunka, ka ɗaga kai ka dubi rufin. Daftarin roƙonmu na hannun sakataren kwamiti, shafi ɗaya ne, da sa hannun dukkan shugabanninmu. Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin Shirye-shirye