Amsoshin Tambayoyinku: Koyon Nutso da Tukunyar Iska a Ruwan Sanyi

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware yau duk kan nutso ne, irin wanda ake yi da tukunyar iska goye a baya, kuma wanda ya taso da zancen wani ɗalibi ne da ke karatu a birnin Leicester na ƙasar Ingila.

Yace ya shiga kwas ɗin farko na PADI, wata ƙungiyar koyar da nutso, ya gama karatun, ya gama atisaye a kwamin wanka lafiya lau, sai aka kai su wani wurin nutso da ake kira Stoney Cove a watan Fabrairu don nutso huɗu na ƙarshe da ake yi kafin a ba mutum katin shaidar ya iya nutso. Suna durƙushe a ƙasa malami yace ya cire gilashin fuskarsa ya mayar, yana cirewa numfashi ya sarƙe, ya zabura zai yi sama, malamin ya damƙe shi. Tambayarsa, shin shi ne abin bai karɓa ba, ya haƙura ne sai ya samu zuwa Masar inda ruwa ke da ɗumi?

Toh ɗan'uwa kwantar da hankalinka, ba ragwanta bace. Kwamin da ka koya a ciki ruwansa na kusan digiri 28, shi kuwa Stoney Cove tsohon ramin fasa dutse ne da ruwa ya cika, a Fabrairu digiri 5 ne ko 6. Irin wannan ruwan in ya daki goshi da kewayen hanci jiki da kansa yake zabura ya ja numfashi, baka da ta cewa, ga hancin a buɗe tunda ka cire gilashi, shikenan sai ruwa ya bi ta nan, sai tari, sai firgita. Maganin da malaman can ke bayarwa mai sauƙi ne, tun kana saman ruwa kafin ku sauka ka sa regileta a baki, wato na'urar da ake shaƙar iskar tukunya da ita, ka tsoma fuska ba gilashi kayi ta numfashi har zafin sanyin nan ya lafa, fuskar ta saba. A ƙasa kuma kar ka fizge gilashin gaba ɗaya, ɗaga gefensa kaɗan ruwa ya shiga a hankali, ka ja iska ta baki, ka riƙa fesar da ita ta hanci, ka ɗan sunkuyar da kai. In ka ji tari yi abinka a cikin regiletar, an yi ta ne don ta ɗauki haka.

Riƙon da malamin yayi maka kuwa gata ne. Duk mita 10 da ka sauka nauyin da ke danne ka na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya guda, wato a mita 10 ya ninka na bakin ruwa. Iskar da ka shaƙa a can ƙasa in ka riƙe ta ka taso, kumbura zata yi a huhu har ta ninka, kuma ko a ruwan da bai kai wannan zurfin ba tana iya yaga huhu. Shi yasa dokar farko da suke ta nanatawa ita ce kar ka taɓa riƙe numfashi. Akwai kuma abin da ya kamata ka sa ran gani a irin ruwanku, regileta takan daskare ta ciki, don iska in ta fito daga matsi sanyi take yi sosai, sai bawul ɗin ya ƙi rufewa, iska tayi ta ambaliya ba tsayawa. A ruwan da bai kai digiri 10 ba akwai regiletar da aka ƙera musamman don shi, tambayi malaminka ko irinta aka baka, kuma kar ka tsaya a bakin ruwa kana ta danna maɓallinta kana hura ta cikin iskar hunturu, hakan ne ke jawo daskarewar.

Batun Masar, eh ana yi. Malami zai baka takardar miƙawa ka ƙarasa sauran nutson a Dahab ko Sharm el-Sheikh cikin wata 12, kuma katin ɗaya ne, iyakarsa mita 18 ko a ina ka samo shi. Amma ni dai a ganina tunda a Ingila kake zaune, nan zaka riƙa shiga ruwa, gara ka ƙarasa a nan ɗin, in sanyin ya fi ƙarfinka ka nemi a ɗaga maka zuwa Yuni ko Yuli. Wanda ya koyi ɗaure kayansa da safar hannu mai kauri, ya saba bin abokin nutsonsa a ruwan da wani lokaci ba a gani sosai, ran da yaje Bahar Maliya hutu zai ji, wanda ya koya a can kuwa in ya zo Ingila kusan sai ya sake sabon lale. Kuma Stoney Cove ba fayau yake ba, a dandamalin farko wajen mita 6 akwai kan wani jirgin sama da aka ajiye, can ƙasa kuma ga jirgin ruwan nan Stanegarth da aka nutsar a shekarar 2000, sai dai shi ya wuce mita 18, sai ka yi kwas na gaba mai kai mutum mita 30 kafin ka gaisa da shi.

Sai wata baiwar Allah daga Manchester, tace ita tana sha'awa amma wace irin sutura ake sawa, kuma ya batun rufe jiki?

Malama riga iri biyu ce. Akwai ta roba mai kama jiki wadda ruwa ke ɗan shiga, jikinki ya ɗumama shi, mai kaurin milimita 7 ce ta wuraren sanyi. Akwai kuma busasshiyar riga, ita ruwa baya shiga sam, an matse wuya da wuyan hannu da roba, a ciki ki sa kayan ɗumi masu kauri, kuma a hunturun Ingila ita ce abin yi, don ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda iska ke yi sau 20 da wani abu. Ta fuskar sutura ma ta fi, bata kama jiki, ga hular roba da ke rufe gashi da wuya ruf, fuska kawai ake gani. Sai dai tana da nata koyon, kina sauka ruwa na matse ta har ki ji tana tsungulinki, sai ki danna maɓallin ƙirji ki ɗan sa iska, in zaki taso ki ɗaga kafaɗar hagu ta fita. In kika yi sake iskar ta gudu ƙafafu, sai ki ga ƙafa sama kai ƙasa kina tafiya sama ba shiri, shi yasa ake fara gwada ta a kwami. Wasu zik ɗinsu a baya yake sai wani ya ja miki, toh ki faɗa tun wuri a haɗa ki da mace ko a baki mai zik a gaba. Sannan kayan da nauyi fa, tukunya da dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu da sauran tarkace sukan kai kilo 30. Abu na ƙarshe, afuwan masu sauraro, sanyi na sa fitsari, kuma in aka ja zik ɗin nan an ja kenan, don haka a zaga kafin a sa, amma kar a ƙi shan ruwa saboda haka.

Wani kuma daga Yawuri yace su tun suna yara suke nutso a kogin Neja ba tukunya ba komai, menene na satifiket?

Mutumin Yawuri ba wanda zai koya maka iyo, gwajin ninƙaya na mita 200 da zama saman ruwa minti 10 da ake yi wa ɗalibai wasa ne a wajenka. Amma sabon da kayi na cika huhu ka riƙe shi ne zai fi baka wuya, don a nan shi ne haɗarin kamar yadda muka faɗa ɗazu. Ga kuma sinadarin naitirojin da ke taruwa a jikin mai shaƙar iskar tukunya, in ya taso da gaggawa sai ya zama kumfa a jini da gaɓoɓi, kamar ka girgiza kwalbar lemo ka ɓalle murfi. Don haka ake tasowa a hankali, a tsaya a mita 5 tsawon minti 3, kuma ba a hawa jirgin sama sai bayan awa 12, in nutson ya fi ɗaya awa 18. Tun da Faransawan nan Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iskar tukunya a 1943 aka ga dole sai da horo, aka kafa ƙungiyar nutso ta BSAC a Birtaniya a 1953, PADI kuma a Amurka a 1966, yau galibin shagunan nutso basa cika maka tukunya ko su baka hayar kaya sai ka nuna kati.

Tambaya ta ƙarshe daga wani mai sauraronmu a Kanada, yace yana da sikila, ƙaninsa kuma asma, zasu iya? Gaskiya mai sikila ta SS likitoci basa amince masa, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki su ne ke tayar da ciwon, nutson ruwan sanyi kuma ya haɗa duka biyun. Mai AS da mai asma su je wajen likitan da ya san harkar nutso ya duba su, musamman asmar da sanyi ko motsa jiki ke tayarwa, don iskar tukunya busasshiya ce kuma mai sanyi. Akwai fom ɗin lafiya da ake cikewa kafin a fara kwas, don Allah a rubuta gaskiya a ciki, kar a ɓoye komai don kuɗin da aka riga aka biya.