Lacca: Indonesiya, Kuɗin Mai da Shinkafa, da Inda Siyasa Ta Kawo Cikas

An gabatar da wannan lacca ga 'yan kasuwa da ɗalibai a Agege, Legas, aka rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da war haka.

Kwakwar manja asalinta Afirka ta Yamma ce. A 1848 aka dasa guda huɗu a lambun Bogor da ke Indonesiya, yau kuma babu ƙasar da ta kai Indonesiya samar da manja. Indomie ɗin da yaranmu ke ci ma daga can ta samo asali. To, me suka yi?

Da farashin mai ya tashi a 1973, su ma kuɗi ya kwararo musu kamar yadda ya kwararo mana. Gwamnatin shugaban ƙasa Suharto ta karkata kaso mai tsoka zuwa karkara: tallafin taki, gyaran hanyoyin ban-ruwa, da irin shinkafa mai yawan yabanya. Sai hukumar Bulog, wadda aikinta ya kamata mu fahimta. Da kaka, lokacin da farashi ke faɗuwa, sai ta sayi shinkafa a kan farashin da aka tsayar, ta zuba a rumbu. Idan hatsi ya yi tsada ta fito da ita kasuwa. Manomi ya san ba zai faɗi ba, mai saye ya san ba za a ƙure shi ba. Zuwa 1984 ƙasar ta ciyar da kanta da shinkafa. Tsakanin 1973 da 1978 kuma an gina makarantun firamare sama da 61,000.

Sun kuma karya darajar kuɗinsu, rupiya, a 1978 da 1983 da 1986. Na ga wasu sun yamutsa fuska, amma ku saurari dalili. Kuɗin mai kan ƙara wa kuɗin ƙasa ƙarfi, kayan waje su yi arha, na gida su rasa mai saye, manomi ya ajiye fartanya. Wannan suka kauce wa. A 1985 ma aka ƙwace binciken kaya daga hannun kwastam, aka ba kamfanin SGS na Suwizalan, ana duba kaya tun daga tashar da aka loda su. Duk wanda ya taɓa zaman jiran kwantena a Apapa ya san nauyin wannan mataki.

Ɓarakar daga gidan shugaba ta fito. Ɗansa Tommy aka damƙa wa cinikin kanumfari na ƙasar gaba ɗaya. Bankuna suka riƙa ciyo bashin dala na gajeren lokaci suna ba kamfanonin masu bankin. Da guguwar rikicin kuɗi ta 1997 ta taso daga Tailan, dalar da ake saye kusan rupiya 2,400 ta haura 15,000. Mai bashin dala ya wayi gari bashinsa ya ninka fiye da sau shida, alhali cinikinsa da rupiya yake. Aka rufe bankuna 16 a Nuwamba, jama'a suka ruga kwashe ajiyarsu daga sauran. A Mayun 1998 aka ƙara kuɗin man fetur, tarzoma ta ɓarke a Jakarta, mutum fiye da dubu suka rasu. Ranar 21 ga Mayu Suharto ya sauka, arzikin ƙasa ya ragu da kashi 13 cikin ɗari a shekarar.

Daga 2001 aka sauko da iko da kuɗi zuwa ƙananan hukumomi, aka tsallake larduna don gudun ɓallewa. Ƙasa ta zauna, sai dai cin hanci shi ma ya sauka tare da kuɗin. Hukumar yaƙi da cin hanci, KPK, da aka kafa a 2002 ta ɗaure ministoci da gwamnoni, amma a 2019 majalisa ta rage mata ƙarfi, kuma a ganina wannan babban koma-baya ne.

Tun 2020 sun hana fitar da ɗanyen ƙarfen nikel, sai an narka shi a gida. Masana'antu sun cika Morowali a tsibirin Sulawesi, amma yawancin jarin na Sin ne, wutarsu kuma da gawayin kwal ake samar da ita.