Man da ya ɓuya a gaɓar kogi: yadda ake tsabtace tsohon wurin ajiye mai

Assalamu alaikum, masu kallo. Filin da za mu duba a yau tsohon wurin ajiye mai ne a bakin wani rafi da ke zuba cikin kogin Gongola. An daɗe da rufe shi, an kwashe famfuna, ciyawa ta rufe ko'ina. Amma duk rani, da ruwa ya ja baya, sai a ga maiƙo mai launin bakan gizo yana tsattsafowa daga gaɓa. Ba a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Fatakwal kaɗai ake samun wannan ba. A nan Gombe da Bauchi ma, tsohon gidan mai, garejin manyan motoci da wurin wanke tankoki duk suna barin irinsa a ƙasa. Gongola kuwa shi ke cika madatsar Dadin Kowa, inda garin Gombe ke samun ruwan famfo.

Kafin komai, a tabbatar mai ne. Akwai wani sheƙi da ƙwayoyin bakteriya masu cin tsatsa ke yi a kan ruwan fadama. Ku taɓa shi da kara. Idan ya farfashe gutsi-gutsi bai sake haɗuwa ba, na bakteriya ne. Idan ya murɗa ya koma ya haɗe, mai ne.

Abin da ya fito bakin ruwa ɗan kaɗan ne, uwar tana cikin ƙasa. Idan tanki ya huje ko bututu ya tsage, mai yana nutsewa ta cikin yashi har ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Fetur da dizal sun fi ruwa rashin nauyi, don haka sai su kwanta a samansa kamar man gyaɗa a kan miya. Da damina ruwan ya taso, ya ɗaga man sama. Da rani ya sauka, man ya bi shi, amma ya bar wani sashe maƙale a tsakanin ƙwayoyin yashi. Shekara da shekaru ana haka, sai a sami ƙasa mai kaurin mita ɗaya ko biyu da ta jiƙe da mai, tana sakin guba a hankali. A bakin kogi akwai ƙari: da damina kogi ne ke tura ruwa cikin gaɓa, da rani kuma ruwan ƙasa ne ke gangarowa cikin kogi, ya taho da man. Shi ya sa maiƙon ya fi fitowa daidai lokacin da masu noman rani ke jan ruwa zuwa gonakin tumatir da albasa.

Gubar da ta fi tayar da hankali ita ce benzin, sinadarin da ke cikin fetur, mai narkewa a ruwa, mai haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha a maikrogiram 10 cikin lita ɗaya. Idan fetur yana da benzin kashi 1 cikin 100, abin da ke cikin lita ɗaya tak ya isa ya kai ruwa lita sama da 800,000 wannan iyaka. A 2011, rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas ya gano benzin da ya ninka iyakar sau 900 a rijiyoyin Nisisioken Ogale, da mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa. Rahoton ya kuma nuna cewa juya ƙasar sama kawai bai yi maganin komai ba, domin a wurare da dama man ya nutse mita 5 ko fiye. Wanda ya zubo tifa goma ta jar ƙasa ya baje a kan fili ya ce ya gyara, ɓoyewa ya yi, kuma rijiyar maƙwabci ce za ta tona shi.

Aiki na gaskiya da tambaya yake farawa. A nemi tsohon taswirar wurin, a zauna da tsoffin ma'aikata da masu gadi: ina tankokin suke, ta ina bututu ya bi, ina ake zubar da baƙin mai? Daga nan a haƙa rijiyoyin gwaji, aƙalla uku, domin da uku ne ake gane inda ruwan ƙasa ya dosa. Ɗaya a sama da wurin, sauran tsakaninsa da kogi. Ana sa bututun roba mai faɗin milimita 50, kuma sashensa mai huji-huji dole ya ratsa saman ruwan, ya haura inda yake kaiwa da damina, ya zarce inda yake sauka da rani. Nan ake yawan kuskure. Idan hujin duk yana can ƙasa, man da ke yawo a sama ba zai shiga ba, sai a rubuta cewa wurin lafiya lau.

Samfurin ruwa a kwalbar gilashi ake ɗauka, a cika ta maƙil ba kumfar iska ko ɗaya, a sa a cikin kula mai ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji ba tare da ɓata lokaci ba. Samfurin da ya yini a bayan mota cikin zafin Afrilu benzin ɗinsa ya tsere, sakamakonsa ba abin dogaro ba ne. Ƙa'idar EGASPIN ta harkar mai a Najeriya ta ce idan mai ya kai miligiram 5,000 a kilo ɗaya na ƙasa, ko maikrogiram 600 a litar ruwan ƙasa, gyara ya wajaba. Idan kuwa sabon malala ne, doka ta ce a sanar da NOSDRA, hukumar kula da malalar mai, cikin awa 24.

Sai a toshe tushen. A tsotse abin da ya rage a tanki, a fitar da shi tare da bututunsa. Tankin da ba komai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur yana kama wuta tun yana wajen kashi 1.4 cikin 100 na iska, kuma ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasan rami. Kada mai walda ya kusanci tankin sai an wanke shi, an kori tururin, na'urar awo ta nuna bai kai kashi 10 cikin 100 na ma'aunin kamawar wuta ba. Kowa ya san yadda ake yanka tsoffin tankoki a kasuwar 'yan gwangwan, kuma rayuka sun fi ƙarfen daraja.

A bakin ruwa ana shimfiɗa shinge mai yawo don tare maiƙo. Ba a gicciye ake ɗaure shi ba, a karkace ne, domin da gudun ruwa ya wuce kimanin santimita 35 a daƙiƙa, man zai bi ta ƙarƙashinsa ya wuce. Kada a watsa garin sabulu. Sheƙin zai ɓace, amma man ya narke ne cikin ruwan da kifi da mutane ke amfani da shi. A kan tudu kuma, tsakanin filin da kogi, a haƙa dogon rami a layi ɗaya da gaɓa, ya zarce zurfin ruwan rani, a cika shi da tsakuwa, a jingina leda mai kauri a bangon da ke wajen kogi. Man da ke gangarowa zai taru a nan, a riƙa kwashe shi. Duk wannan aikin rani ne. Ramin da aka buɗe a watan Agusta rushewa yake yi.

Ƙasar da katafila ta tono fa? Idan dizal ne ko kananzir, bakteriyar da ke cikin ƙasar za su cinye shi, in an ba su iska da danshi da taki. Ga lissafin. A ce tan 100 ne na ƙasa, mai ya kai miligiram 10,000 a kilo. Tan ɗaya ke nan na mai, kabon ɗinsa wajen kilo 850. Ma'aunin da aka saba shi ne kabon 100, naitrojin 10, fosfaras 1. Ke nan ana buƙatar naitrojin kilo 85, wato yuriya kusan buhu huɗu, da takin supa buhu biyu. Kada a zuba gaba ɗaya, a raba sau uku, domin yuriya mai yawa tana kashe ƙwayoyin, ragowar kuma ta zama sabuwar guba a ruwa.

A share fili nesa da inda ambaliya ke kaiwa, mai faɗin mita 10 da tsawon mita 20, a shimfiɗa leda mai kauri, a ɗaga kunya a kewaye, a yi ramin tara ruwan da ya tsiyaye. A baje ƙasar da kaurin santimita 30. Idan laka ce, a gauraya da buntun shinkafa da kashin kaji don iska ta shiga. A riƙa juyawa da garma duk mako ɗaya ko biyu. Danshin da ake so shi ne ƙasar ta dunƙule a hannu amma kada ruwa ya ɗiga. A Maris da Afrilu ƙasa kan bushe cikin kwana biyu, aikin ya tsaya cak, don haka tankar ruwa tana cikin kuɗin aiki tun farko. Ana ɗaukar watanni shida zuwa shekara biyu. Idan man ya haura miligiram 50,000 a kilo, ya fi ƙarfin ƙwayoyin, sai an sirka da wata ƙasa.

Wannan hanya tana da iyaka. Ƙasa mai fetur idan aka baje ta a fili, benzin ɗin iska yake bi ya shiga hancin unguwa, don haka tsibi ake yi a rufe, a zuƙe tururin ta bututu zuwa matatar gawayi. Baƙin mai kuma yana ɗauke da ƙarafa irin su dalma, waɗanda bakteriya ba sa ci. Irin wannan ƙasa wurin zubar da shara mai guba da hukuma ta amince da shi ake kai ta, ba gonar wani ba.

Ruwan ƙasa shi ne mai cin lokaci. Ana tsotso shi, a bi da shi ta akwatin raba mai da ruwa, sannan ta gangunan gawayi na musamman guda biyu a jere, a riƙa gwaji a tsakaninsu don a san ranar da ta farko ta ƙoshi. A ƙasa mai yashi, kamar yawancin yankin Gombe, ana iya hura iska cikin ruwan a zuƙe tururin daga sama. A Bauchi, inda dutse ke kusa, man yana bin tsagar dutse ya ɓullo a rijiyar da ba a zata ba, sai an faɗaɗa gwaji. Ga al'ummomin Alkaleri da Akko, inda aka ƙaddamar da aikin man Kolmani a Nuwamban 2022, gwajin rijiyoyi da rafuka tun yanzu, a adana takardar, shi ne hujjarsu idan wani abu ya canza gobe.

Ba ranar da sakamako ya yi kyau ake sallamar fili ba. Da an kashe famfo, man da ya maƙale a yashi yakan sake narkewa, adadin ya hau. A ci gaba da gwaji duk wata uku har shekara guda aƙalla, ya haɗa da tsakiyar damina da ƙarshen rani. Kafin nan ba haƙa rijiya a filin, ba gina ɗakin kwana a kansa, kuma gidajen da rijiyarsu ta gurɓace a kai musu ruwan sha tun ranar da aka gano. Sakamakon kowane zagaye a miƙa kwafinsa ga ma'aikatar muhalli ta jiha da mai unguwa, da sunan rijiya da ranar ɗaukar samfur.