Dusar da ake cirewa daga burodi da sankarar babban hanji

Ɗauki yankan farin burodi ka matse shi a tafin hannunka. Nan take zai dunƙule kamar auduga. Yi haka da burodin cikakkiyar alkama, za ka ji ya ɗan yi tauri, ka kuma ga ɗigo-ɗigon dusa a jikinsa. Kan wannan dusar za mu yi magana, da yadda take rage haɗarin kamuwa da sankarar babban hanji.

Wajen yin farar fulawa, ana tankaɗe dusar a fitar da ita, kuma a cikinta ne mafi yawan harzar alkama take, wato fayiba. Shi ya sa giram 100 na farin burodi da ƙyar yake ba ka giram 3 na fayiba, na cikakkiyar alkama kuwa yakan kai 6 zuwa 7.

Ciki ba ya iya narkar da fayiba, haka take gangarawa har babban hanji. A can takan sha ruwa, ta ƙara wa bahaya yawa da laushi, ya fita da wuri, dattin bai samu ya daɗe yana gogar bangon hanji ba. Sai kuma abin da ya fi ba ni sha'awa: ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanjin suna cin fayibar su fitar da sinadarin butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin halittar bangon hanjin, yana kuma rage kumburi.

Likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, shi ya yayata wannan tunani a 1971, bayan ya lura cewa sankarar babban hanji ta yi ƙaranci a inda ake cin abinci mai harza. A 2011 aka haɗa sakamakon bincike masu yawa, aka ga duk ƙarin giram 10 na fayiba a rana yana tafiya da raguwar haɗarin kamuwa da cutar da kusan kashi 10 cikin 100. A cutar da ke kama mutum kusan miliyan 1.9 a shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma fa raguwar haɗari ce, ba rigakafi ba. Shan taba, giya, ƙiba da sarrafaffen nama duk suna da nasu hannun, kuma wanda ya ga jini a bahayarsa likita zai nufa, ba canjin burodi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 a rana. Idan za ka sayi burodi, kada launin ƙasa-ƙasa ya yaudare ka, don wani rina shi kawai ake yi. Juya ledar ka karanta: cikakkiyar alkama ce aka fara lissafawa? Idan ka sauya, ka ƙara a hankali, kana shan ruwa sosai, saboda kumburin ciki na kwanakin farko.