Sukar wuƙa goma sha biyu a jirgin Orient Express

Jama'a, abu uku zan faɗa kan ƙarshen fim ɗin Murder on the Orient Express na 1974, wanda Sidney Lumet ya ba da umarni, daga littafin Agatha Christie na 1934. Wanda bai kalla ba ya toshe kunne, yau asiri zai tonu.

Na farko, gawar. Jirgin ƙasa ya taso daga Istanbul, ƙanƙara ta tare shi a Yugoslabiya, aka wayi gari an kashe wani fasinja mai suna Ratchett a ɗakinsa. Likita Constantine ya ƙirga suka goma sha biyu, wasu sun nutse sosai, wasu ƙwarzane kawai. Ku riƙe wannan. Hannu ɗaya ba ya suka haka, ƙato da tsohuwa ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Goma sha biyu fa! A kotun Ingila mutum goma sha biyu ake zaunarwa su ce mai laifi ne ko a'a. Ratchett kuwa shi ne Cassetti, wanda ya sa aka sace yarinya Daisy Armstrong aka kashe, baƙin ciki ya ci uwar da jaririn cikinta, uban ya kashe kansa, baranyar gidan da aka zarga ita ma haka. Mutum biyar, ya tsere wa shari'a. To, dangi da barorin gidan suka taru a jirgin suka zama kotu, suka sa masa maganin barci, kowa ya soka sau ɗaya, don kada a san sukar wa ta kashe. Mai lissafi zai ce ai su goma sha uku ne har da ma'aikacin tarago. Gaskiya ne, amma biyu daga cikinsu, Andrenyi da matarsa, tare suka riƙe wuƙar, sukarsu ɗaya. Kun gani? Goma sha biyu dai.

Na biyu, agogon Ratchett da ya tsaya a 1:15 da muryar da ta amsa da Faransanci daga ɗakinsa, duk tarko ne aka ɗana wa Poirot, mai binciken kisan, domin Ratchett ba ya jin Faransanci, kisan ma sai wajen ƙarfe 2. Na huɗu... a'a, na uku ke nan ko? Malama, ga hannunki a sama.

Tana tambaya, me ya sa Poirot ya sake su? Madalla, bari mu bar na ukun. Malama, bai sake su da bakinsa ba. Bayani biyu ya shimfiɗa: ko dai wani baƙo ya shigo da kayan ma'aikacin jirgi ya yi kisan ya gudu, ko kuma wannan da na faɗa. Ya bar zaɓi ga Bianchi, daraktan kamfanin jirgin, shi kuma ya ɗauki na farko, wanda za a kai wa 'yan sandan Yugoslabiya. Ki sake kallon fuskar Albert Finney, wanda ya fito a matsayin Poirot, a wurin, mutumin ya san wanne ne gaskiya, kuma shi zai je ya rubuta rahoton ɗayan.